Ranar da Darakta Magomu Ya Aske Makarantarsa

Wadda ta fara ba ni labarin nan ita ce mamaciyar da kanta. Da ƙafarta ta zo gidana da yammacin Alhamis ɗin, ɗauke da nonon ayabar da aka kai gidan makokinta, ta zauna a bakin murhuna tana ba ni labari tana haki. Nabukwasi ke nan, ƙawata tun muna 'yan mata. Ni ban ga komai da idona ba, ranar na tafi birnin Mbale a duba mini ido. Abin da ta tsallake jikata Kakai ta cike mini, sauran kuma surukar Nabukwasi ta ƙarasa mini daga baya. In kun ji ina faɗin abin da mutum ya saƙa a ransa, ba duba nake yi ba. Yaron ne bai iya tunani da baki a rufe ba.

Yaron shi ne ɗan Nabukwasi, Erisa Magomu. Na ce yaro, ko da yake ya ba arba'in baya, don na san shi tun yana yawo ba wando. Ya yi shekaru yana sayar da takalman gwanjo a Mbale, ya dawo garinmu Bunakhima da kwat da lakataye, ya gina ɗakuna huɗu a gaban gidansu, daidai tsallaken titin firamaren gwamnati. Ya kafa allo wanda ya kusa fin ginin tsawo: Makarantar Taurarin Gobe ta Ƙasa da Ƙasa. Daga ranar ya zama Darakta. Har uwarsa ya so ta riƙa kiran sa haka, ta ce sai dai ya jira ta mutu.

Abu biyu yake taƙama da su a jikinsa. Na farko, wai ranar da ya tsaya kaciya a gaban jama'a ko ƙifta ido bai yi ba, har mai wuƙar ne hannunsa ya yi rawa. Na biyu sumarsa, wadda yake shafe wa da mai ya tsaga ta gefe guda, tsagar kamar an ja ta da igiyar magina.

Kada wani ya ce muku karatu ne ya kai mu makarantarsa. Gashi ne. A firamaren gwamnati kowa aski, mace da namiji, ƙwal, farkon kowane zango. A wurin Darakta kuwa 'yan mata na kitso har da duwatsu masu launi. Ranar Lahadi a coci, daga kujerar baya kana iya gane wa ke biyan kuɗin makaranta. Ni ma na faɗa ciki, ban ɓoye ba. Uwar Kakai na aiko da abin da ta samu daga Kampala, ni kuma ina kai masa, gashin yarinyar ya sauko har wuya, ina jin daɗi.

Sai kuma gaisuwar da ya koya musu. Duk lokacin da wani babba ya shigo ya yi musu sallama, sai su miƙe, hannu a ƙirji, su rera da murya ɗaya: "Barka da zuwa, babban baƙo. Mu ne Taurarin Gobe, ba mu da na biyu." Ya horar da su a kanta har Kakai takan yi ta cikin barci.

Da korona ta zo aka rufe makarantu, rufewar ta yi tsawo har wasu yaran suka fara gemu. Darakta ya kwashe bencina ya zuba kaji a azuzuwa, ya ce kafin shekara shi zai riƙa ciyar da otal-otal ɗin Mbale. Ana saura kaɗan a buɗe makarantu, kajin suka kama tasu murar suka ƙare cikin mako guda. Don kada gari ya sani, ya haƙa rami babba a cikin ayabar bayan gida, kusa da kabarin ubansa, ya binne su, ya ce wa mutane wani attajiri ne ya saye su duka. Ku riƙe ramin nan a ranku.

Sai sanarwa ta zo. Litinin za a buɗe makarantu, amma ba yaron da zai shiga aji sai an yi masa gwajin cutar. Yaran makarantun gwamnati, gwamnati za ta turo ma'aikata su gwada su kyauta ranar Alhamis. Masu makarantun kuɗi kuwa, su da aljihunsu.

Ranar Lahadi bayan sujada iyaye suka tare shi a ƙofar coci suna tambayar ko za a ƙara musu wani kuɗi ne. Kowa ya san abin da tambayar ke nufi. Mutane sun ci irin shukarsu a zaman gida, duk wanda aka ce ya ƙara ko sisi zai tsallaka titi da ɗansa. Darakta ya hau matakalar coci, ya gyara lakataye, ya ce ba uban da zai biya komai. Likitocinsa na kansa za su zo daga Kampala da farar mota, za a gwada Taurari kafin ma a fara kwance kayan gwajin talakawa. Aka tafa masa. Matarsa Neumbe, wadda ta san abin da ke cikin gwangwanin gidan, ta sunkuyar da kai tana duba takalminta.

Washegari ya saka kwat ya tafi ofishin lafiya na gunduma. Ya jira har rana ta take, sannan aka shigar da shi wurin babban jami'in, wani siririn mutum mai tabarau.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya na zo da ita," in ji Darakta. "Cutar nan, tana tsayawa ta duba launin rigar yaro kafin ta kama shi? Tsakanina da firamare titi ne kawai. Yaran nan rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa, wasu ma tabarma ɗaya suke kwana."

Ni dai a ganina, wannan ce gaskiya ɗaya tak da ya faɗa a shekarar, amma bakin da ta fito ya ɓata ta. Jami'in ya cire tabarau ya goge, ya tuna masa cewa shi ne a taron masu makarantu ya miƙe ya ce gwamnati ba ta da abin da za ta ba shi sai dai ta zo ta koya. Ya ce umarni daga sama ya zo, na gwamnati kawai. Darakta ya fito ya gaya wa masu acaba a bakin ƙofa cewa ya wanke mutumin tas, har ya ba shi haƙuri.

A gida Neumbe ta ce masa ya tsallaka titi ya roƙi Malama Buteme, shugabar firamare, ko za ta yi masa magana da ma'aikatan. Aji ɗaya suka yi da ita suna yara, ita ta ɗaya, shi na ƙarshe, kusa da ƙofa.

"Baban Dina, roƙo bai taɓa karya wa kowa wuya ba."

"Madam, Darakta ba ya roƙo. Darakta tsari yake yi."

Tsarin kuwa ga shi. Firamare yara sun fi tururuwa yawa, aji ɗaya ya fi makarantarsa duka. An daɗe a rufe, yara sun girma, malamai ba su gane nasu ba, ga kuma takunkumi a kowace fuska. Abin da ya rage kawai shi ne riga. Ta firamare kore ce, tasa fara. Zai rina fararen su koma kore, ya zuba Taurari cikin layi ranar Alhamis, a gwada su da kuɗin gwamnati, su fito ta ƙofar baya. In iyaye sun tambayi farar mota, a ce ta zo da sassafe ta koma.

Ya aika gida-gida a kawo rigunan makaranta, wai za a yi musu feshin magani irin na ƙasashen waje. Ya sayo garin rini a kasuwa wurin mai sayar da maganin ɓera, ya ɗora tukunyar tuwon makaranta a bayan gida. Neumbe ta ce a saka gishiri don rinin ya kama, ya ce gishiri na miya ne, shi ya karanta kimiyya. Ita ta wuni tana juyawa da muciya cikin hayaƙin ɗanyen itace har idanunta suka kumbura suka yi ja. Rigunan suka fito kore, amma kore iri-iri: wasu kamar ganyen ayaba, wasu kamar kashin agwagwa. Darakta ya ɗaga ɗaya ya duba da kyau ya ce ko masaƙa sai haka.

Safiyar Alhamis yara suka taru a bayan azuzuwa aka saka musu. Ya jera su yana zagayawa kamar mai duba sojoji. Sai Neumbe ta tsaya kusa da shi, ta nuna masa da haɓa. Ya bi haɓar da ido. Kitso. Shuku, zane, kalaba, duwatsu ja da rawaya suna ƙara in yarinya ta juya kai. Ko makaho ya shafa ya san ba 'yan firamare ba ne.

Neumbe ta ce har yanzu titin nan bai ƙara faɗi ba, ya tsallaka. Ya ce a ɗaura musu ɗankwali. Ta ce firamare ba a ɗaura ɗankwali. Ya ce to, gashi ai tsiro ne, ya aika a gaya wa Wetaka mai aski ya kori kowa daga shagonsa.

Wetaka ya ga layin 'yan mata a ƙofarsa, ya ga kitson da ke kansu, ya ajiye injin ya ce shi yana da iyali. Ya tambaya ko iyayen sun sani.

"Wetaka, ni da kai wa ya san dokar lafiya?" in ji Darakta. "Cutar a cikin kitso take ɓuya. An gano a Turai."

"To me ya sa matan Turai ba su yi aski ba?"

"Su ba sa kitso."

Wetaka ya kunna inji. Yarinyar farko ta fashe da kuka, na bayanta suka ɗauka, kafin a jima shagon ya zama kamar ɗakin haihuwa. Da layi ya zo kan Kakai, ta riƙe kujera ta ƙi zama, ta ce in cutar a gashi take ɓuya, ai na Darakta ya fi na kowa yawa da maiƙo. Jinina ce, ba ta iya rufe baki. Yara suka daina kuka suna jiran amsa. Darakta ya dube su, ya dubi madubi, ya ce shugaba na gari shi ke ba da misali: in an gama da su, shi ma zai zauna. A ransa yana cewa kafin lokacin sun manta.

Ba su manta ba. Da aka gama da ta ƙarshe, suka kewaye kujerar da kawunansu masu sheƙi, hawaye bai bushe ba, suka zuba masa ido. Ya zauna. Wetaka ya fara daga gefen tsagar, ya share ɓarin dama tas har ƙeya. Yana ɗaga injin zai koma hagu, aka ɗauke wuta.

Suka jira. Wuta ba ta dawo ba. Wetaka ya ce yana da reza, amma guda ce kuma ya aske wani mai ƙuraje da ita. Darakta ya ce lokaci na tafiya. Ya ari hular ulu ta Wetaka, wadda yake sakawa in zai hau dutse, ya tura kansa ciki, ya jera yara bibbiyu suka nufi firamare ta tsakiyar kasuwa, don ta nan za a ɗauka daga unguwar ƙasa suka fito.

A nan Muduwa mai kitso ta shigo labarin. Ita ke yi wa kusan duk Taurari kitso, ta san aikin hannunta kamar yadda uwa ta san ɗanta. Tana zaune a rumfarta sai ta ga Wetaka na sharo kitsonta waje da tsintsiya, duwatsun na gangarawa cikin kwata. Ta ɗaga kai ta ga yaran na wucewa, kai ƙwal, ido jawur, Darakta a gaba, ƙeyarsa ta dama fara fat a ƙarƙashin hula.

To, mu nan kowa ya san ranar da gida guda ke aske kai gaba ɗaya, manya da yara: bayan an binne mutum. Muduwa ta dafa ƙirji. Ta tambayi mai gawayi yaushe rabonta da ganin tsohuwa Nabukwasi. Mai gawayi ta ce an kwana biyu. Wata ta ce jiya ta ga Neumbe idanu a kumbure kamar ta kwana kuka. Wani ya ce akuyarsa ta shiga ayabar bayan gidansu, da ya bi ta ya ga sabuwar ƙasa a tule kusa da kabarin tsoho. Magana ta haɗu ba wanda ya ƙara mata gishiri. Tsohuwa ta mutu da cutar, ɗanta ya binne ta a ɓoye kamar kaza don kada a hana shi buɗe makaranta, ya kuma aske 'ya'yan mutane su taya shi makoki don ya saba cewa duk 'ya'yansa ne.

Tsohuwa kuwa tana can kan dutse gidan 'yarta, tana taya ta tsinkar kofi.

Kafin Darakta ya kai ƙofar firamare an fara kururuwa a kasuwa. Mata suka rufe rumfuna, masu ayaba suka ɗauko ayaba, masu itace suka ɗauko itace, aka nufi gidansa aka hura wutar makoki a tsakar gida. Neumbe ta fito daga wanka ta tarar da mata na birgima a ƙofar kicin ɗinta. Ta yi ta rantsuwa ba wanda ya mutu, suna shafa mata baya suna cewa haka zafin rashi yake. Wani ɗan acaba mai zuciyar kirki ya ce bai kamata 'yar marigayiya ta ji a bakin duniya ba, ya hau dutse ya kai mata saƙo.

Shi Darakta bai san komai ba. Ya ji hayaniya daga nesa ya ɗauka an kama ɓarawo. Ya zuba Taurari cikin layi, nan uku, can biyar, ya koma gindin mangwaro ya tsaya kamar uban da ya rako ɗa. Komai na tafiya. Ma'aikatan jinya na zaune a ƙarƙashin rumfa da fararen riguna, suna zura wa yara tsinke mai auduga a hanci. Layi na matsawa a hankali. Malama Buteme ta wuce ta gabansa sau biyu, ta dubi hular ulu a tsakiyar rana, ta gaishe shi da ladabi ta ce ashe Darakta yana jin sanyi. Ya ce salon Nairobi ne. Ya ji a ransa ko ita bai bari ta gane ba, har ya fara tsara yadda zai ba da labarin nan gaba.

Sai hadari ya gangaro daga dutse, aka yi yayyafi ɗan kaɗan, irin wanda ko kaza ba ta gudu. Yaran firamare suka jiƙe suka bushe. Taurari kuwa suka fara zuba. Kore ya bi wuyansu, ya gangara hannu, ya ɗiga daga gwiwar hannu zuwa safa. Da ta farkonsu ta isa gaban rumfa, ma'aikaciyar ta ja kujera baya, ta ƙara takunkumi a kan takunkumi, ta kira 'yar'uwarta ta zo ta gani, ta ce ita a horon da aka ba su ba a ambaci wannan alamar ba.

Ana cikin haka motar gunduma ta shigo. Babban jami'in nan mai tabarau ne ya zo duba aiki. Ya sauko ya tsaya gaban layi, ya ɗaga hannu ya ce, "Sannunku, yara."

Yaran firamare suka amsa ƙasa-ƙasa yadda suka saba. Amma daga nan, daga can, daga tsakiya, daga ƙarshen layi, wasu korayen hannaye suka hau ƙirji, murya ta tashi guda ɗaya, tsaf, ba wanda ya yi kuskure:

"Barka da zuwa, babban baƙo. Mu ne Taurarin Gobe, ba mu da na biyu."

Kakai ta ce mini ta san bai kamata ba, bakin ne ya tafi da kansa. Jami'in ya juya a hankali yana neman mai su. Darakta ya fara zagaya mangwaro ta baya, sai ya yi kiciɓis da jama'ar makoki, waɗanda suka gaji da jiran sa a gida suka biyo shi. Muduwa ce a gaba, ɗankwali a ɗaure a ƙugu.

"Erisa, ka binne uwarka kamar mushe? Matar da ta goya ka?"

"Wace uwa? Iya lafiyarta ƙalau."

"To wa ke cikin ramin?"

In ya ce kaji, labarin attajirin da ya saye su ya mutu. Ya tsaya yana auna wanne ya fi sauƙi, uwar ko kajin, jinkirin nan kuwa shi ya gama da shi. Wani dattijo ya fizge hular, jama'a suka ga kan: dama makoki, hagu biki. Wata ta ce ko makokin ma rabi ya yi mata.

Jami'in da ya ji an ce mutuwa da binnewa a ɓoye, fuskarsa ta canza. Ya ce kafin komai a fara gwada mutumin nan. Aka zaunar da Darakta a bencin 'yan aji ɗaya, gwiwoyinsa kusa da haɓa. Ya dubi jama'a ya ce su shaida, mutumin da bai ƙifta wa wuƙa ido ba, ba zai ƙifta wa auduga ba. Tsinken na shiga hanci ya ƙwala ihu ya kira uwarsa, hawaye shaɓe-shaɓe, ya riƙe hannun ma'aikaciyar da hannu biyu.

Uwar kuwa ta amsa. Acaba ya shigo filin da gudu, Nabukwasi a baya ta zauna a karkace, kwandon kofi a cinya. Rabin masu makoki suka watse, mai gawayi ta haye tagar aji. Tsohuwa ta sauko, ta gyara zani, ta ratsa mutane har gaban bencin. Ta daɗe tana kallon kan ɗanta.

"An ce na mutu," ta ce. "Na zo in ji me ya kashe ni."

"Iya, rashin fahimta ce. Tsari ne na..."

"Wa ke kwance kusa da ubanka?"

Ya dubi ƙasa. Ya ce kaji ne. Ta ce ya ɗaga murya, kunnen matattu ba ya ji sosai. Ya ɗaga.

Dariyar da aka yi, an ce har kasuwa an ji. Amma ba ta daɗe ba, don a lokacin ne iyaye mata suka fara gane 'ya'yansu a cikin layi. Kowace ta kama tata tana juya kanta, tana shafawa, tana duba koren wuya. Suka yi kansa. Ya hau benci ya ce su kwantar da hankali, gashi zai tsiro, kuma farar mota tana hanya, taya ce ta fashe. Ya juya wurin jami'in ya ce tunda yaran sun riga sun shiga layi, ai sai a ƙarasa alheri. Jami'in ya ce umarni bai canza ba tun Litinin: na gwamnati kawai.

Sai Malama Buteme ta matso, ta yi magana a hankali, da iyayen take, ba da shi ba. Ta ce ita dai abin da ta gani a filinta yara ne masu aski da koren riga, kuma dokar makarantarta ba ta nemi fiye da haka ba. Duk uwar da ta ce ɗanta na nan ne, na nan ne, a gwada shi yau, Litinin ya zo da tsintsiya da kofin kunu. Bencina sun yi kaɗan, amma ta ji an ce akwai wasu a tsallaken titi da ba a amfani da su.

Iyaye suka dubi juna. Wata ta shafa kan 'yarta ta ce, to, abin da muke biya dominsa ai yana cikin kwatar Wetaka. Ta ja yarinyar ta mayar da ita layi. Ta biyu ta bi. Darakta na kan benci yana kiran su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana alkawarin kwamfuta da motar ɗaukar yara, har layin ya haɗiye Taurari duka. Da zai sauko, Malama Buteme ta miƙa masa hularsa ta ce ta gode, tunda take aiki ba a taɓa kawo mata sababbin ɗalibai a shirye haka ba, an yi musu aski, an yi musu riga, an kuma rako su har ƙofa.

A duk Makarantar Taurarin Gobe ta Ƙasa da Ƙasa, mutum ɗaya ne gwamnati ta gwada kyauta yana ɗan makarantar kuɗi, shi ne Darakta. Ba a same shi da komai ba.

Nabukwasi ta koma gida ta kashe wutar makokinta, ta hana kowa ɗaukar ayabarsa, ta ce wanda ya kawo ya kawo, ba ta da tabbacin za su sake kawowa in ta yi ta gaske. Ta raba wa ƙawaye, nawa ta kawo mini da kanta. Kakai na zaune a gefe tana goge wuya da sabulu, ta ƙi kallon madubi. Na ce mata kanta ya yi kyau, ƙarya nake, kan ubanta ne sak.

Washegari da safe na dafa ayabar makokin da miyar gyaɗa, na zuba a kwano, na ɗauki sabuwar reza da sabulu, na tafi. Na same shi a aji na uku shi kaɗai, a kan kujerar malami, da kwat ɗin jiya, ɗakin har yanzu yana warin kaji. Na ajiye masa kwanon, ya ci kamar wanda ya kwana biyu bai ga abinci ba. Da ya ƙoshi sai ya share baki ya fara gaya mini cewa dama makarantar yara ta yi masa kaɗan, ɗakunan nan huɗu sun fi dacewa da kwalejin koyon aikin jinya, har ya fara magana da wasu mutane a Kampala.

Na jiƙa ɓarin hagun da ruwa, na shafa sabulu, na ce, "Erisa, sunkuyo."

Ya sunkuyo. Na ƙarasa masa askin.